Ruwan Wankin Hoton Ado Tela

Samarin da muke aji ɗaya da su a makarantar yaƙi da jahilci sun ji ana kirana Lawali Mai Hoto, sai suka sa dariya. Ɗaya ya ɗaga salularsa ya ƙyasta mini, ya juyo da ita ya ce, "Baba, ga sana'arka, na gama ta." Da malaminmu ya ce kowa ya rubuto aikin da ya ci abinci da shi, sai na ce to, bari in ba yaron nan amsa a takarda, tunda yanzu hannuna ya fara sabawa da alƙalami.

Abin da na yi aiki da shi akwatin katako ne mai ƙafa uku. A gabansa akwai ido na gilashi da murfinsa. A bayansa an ɗinka hannun riga baƙi, ta nan kake zura hannunka ciki ba tare da haske ya bi ka ba. A cikin akwatin akwai ƙananan kwanoni biyu, ɗaya na maganin da ke fito da hoto, ɗaya na maganin da ke tsayar da shi. Duk aikin da lalube ake yinsa, ido ɗaya a kan wata 'yar kafa mai jan gilashi. Ka zaunar da mutum a gaban baƙin ƙyalle, ka cire murfi, ka yi bisimilla a ranka, ka mayar. Abin da zai fara fitowa juyayye ne: baƙin mutum fari fat, farar rigarsa baƙa ƙirin. Ƙauyawa da yawa sun tashi za su gudu da suka ga wannan. Sai ka manna shi a wani ɗan allo gaban idon, ka sake ɗauka, sannan mutum ya fito da kamanninsa. Daga nan sai wanki, a bokitin da ke rataye a ƙafar akwatin.

A wurin Baba Lasisi na koya, wani Bayarabe da ke kafa akwatinsa a gindin dogon yaro, daura da ƙofar kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa murfin ido ba. Wanki kawai. In na miƙa masa hoto sai ya sa harshe a gefen takardar. In ya ji ɗacin magani, ya jefo mini abina cikin bokiti, bai ma dube ni ba. Ya ce maganin da ke tsayar da hoto shi ne kuma mai cinye shi, in an bar shi a jikin takarda. Yau hoto garau, bayan 'yan watanni ya yi rawaya, daga nan ya koma kamar an zubar da shayi. Shi ya nuna mini cewa ruwa kaɗan da ake ta canjawa ya fi bokiti cike da aka tsoma sau ɗaya. Da tsufa ya kama shi ya koma garinsu, ya bar mini akwatin da gindin itacen.

Masu zuwa wurinmu yawancinsu baƙi ne, don babu takardar baƙo da ba ta neman fuska. Tun ban iya karatu ba na san takardun nan da launinsu. Turawa da Larabawa da biza suke shigowa, an buga musu ita a fasfo tun daga can, in ta kusa ƙarewa su zo neman ƙari. Maƙwabtanmu na Najeriya ba sa bukatar biza, amma in mutum ya wuce wata uku yana son ya zauna, sai ya yi katin zama. Wanda ya daɗe, ya yi aure, ya haifu, yana iya neman takardar zama ɗan ƙasa, ita kuwa sai mai haƙuri. Dokar hoton ɗaya ce: a cire hula, kunnuwa su fito. Buzu ba ya kwance rawani a gaban jama'a, sai na kewaye shi da zane, na kau da kai har ya ce ya shirya. Kanawan da ke unguwar Zango kuwa ba su ɗauki katin a bakin komai ba. Kakanninsu sun yi ta zuwa Damagaram da ayari, mai masauki ya ce "baƙona ne," magana ta ƙare. A ganinsu mutumin da ke jin Hausa, yake salla a sahu ɗaya da kai, wace takarda kuma zai nuna?

Sai shekarar fari ta zo, wadda Najeriya ta rufe iyaka a cikinta. Damagaram dama ba garin ruwa ba ne, amma wannan shekara famfo ya yi shiru sai iska. 'Yan ga-ruwa suna fita tun asuba zuwa rijiyoyin bayan gari, wani ya dawo da garwa rabi, wani ya dawo haka nan. Mutanen daji da dabbobinsu suka mutu suka cika bakin gari. Takardar hoto da magani daga Kano suke zuwa mana, to hanya ta toshe. Na koma ina yanka takarda ƙanana ƙanana, ina tace tsohon magani da ƙyalle. A cikin wannan hali aka yi shela cewa duk baƙon da ba shi da katin zama ya zo ya yi, don za a fara bincike.

Aikin da nake son in ba da labarinsa na Malam Ado Tela ne. Bakano ne, ya zo Zango tun yana saurayi da keken ɗinkinsa, ya auri Mariyama, 'yar unguwarmu da ta tashi a gabana, suka haifi 'ya'ya. Tsakanin Bakano da Badamagare akwai wasa, don haka ba mu taɓa gaisawa da daɗi ba. Ya zo ranar nan da hantsi yana gyara hula.

"Kai bawana, ɗauke ni da kyau. Wai ni ne baƙo a garin da na ɗinka wa rabin mutanensa wando."

"Cire hular, Bakano, mu ga kan da ya kasa zama a Kano."

Na ɗauke shi, hoton ya fito sarai. Na tsoma a bokiti sau ɗaya, na juya zan ɗebo sabon ruwa a garwa. Rabin garwa ce na samu ranar, ita ke nan. A jikin katanga kuwa akwai wata mata daga wajen Tanut, zaune da yara, leɓunansu sun tsage. Ba ta roƙi kowa ba, garwar kawai take kallo. Ado ya riƙe mini hannu.

"Me za ka yi da wannan?"

"Wanki. Sai na canja masa ruwa har ɗacin ya fita."

"A wannan shekarar? Ruwan sha za ka zuba wa takarda, ga bayin Allah suna kallo? Ka ji tsoron Allah, Lawali."

Na ce masa hoton ba zai daɗe ba. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Wannan ba ni ba ne? Ga hancina, ga kunnuwana. Ku Damagarawa komai sai kun ja shi." Ya sunkuci garwar ya kai gaban matar, ya sa hoton a inuwar hularsa ya shige layin masu neman kati. Na bi shi da murya na ce in an samu ruwa ya dawo in sake masa. Ya ɗaga mini hannu. Amma da aka manna hoton a kati aka buga hatimi rabi a kansa rabi a kan katin, babu mai ɓamɓare shi kuma. Ya sa katin a leda, ya sa a aljihun ƙirji, yana ɗinki yana gumi a kansa har zafin bazara ya shigo.

Ranar da abin ya faru ban ma kafa akwati ba. Ɗan ga-ruwana bai zo ba, jiya ma bai zo ba. Ina zaune a gindin itacen sai ga Mariyama da mai unguwarmu, tana tafe tana tuntuɓe, goyo a bayanta.

"Yaya Lawali, sun kama baban yara."

"Ba yana da kati ba?"

"Yana da shi. Sun ce ba fuskarsa a ciki."

Mai unguwa ya ce an kewaye kasuwa da safe, duk baƙon da takardarsa ba ta cika ba an tara shi a farfajiyar kwamisariya. Kamyo, babbar motar kaya, zai kwashe su bayan azahar ya sauke su a bakin iyaka. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ya tsallaka a shekarar nan ba shi da hanyar dawowa, kuma keken Ado shi kaɗai ke ciyar da gidan.

Muka shiga wurin shef ɗin da ke kula da takardun baƙi, wani dogon mutum mai magana a hankali. Ya ajiye katin a gabana. Inda hoton yake sai wani tabo ruwan ƙasa. Kana ganin alamar kafaɗa, kana ganin inda kai yake, amma ido da hanci da baki sun tafi.

"Kai ka ɗauki wannan?"

"Ni ne, Shef. Ruwan wanki ne bai samu ba."

"Na yarda da kai. Amma ana sayar da katin waɗanda suka mutu da na waɗanda suka tafi. Wannan kowa zai iya cewa nasa ne."

Mai unguwa ya ce shi shaida ne, shi ya tsaya a ɗaurin auren mutumin. Shef ya ce, "Shaidarka ta isa ga suna. Fuska kuma sai hoto. Ku kawo mini sabo kafin mota ta tashi, in manna in sa hannu. Amma wanda zai zauna. In wannan ma ya goge, wani wurin za a kama shi inda babu mai unguwa." Na tambaye shi ko akwai ruwa a gidan. Ya nuna mini tulun da ke ƙofarsa, a kife. Su ma motar ruwa suke jira.

Na ɗauko akwatin a kafaɗa na shiga farfajiyar. Mutane zaune a ƙasa cikin 'yar inuwar katanga, kowa da ƙullin kayansa, waɗansu da butocin da iyalansu suka miƙo musu. Ado na cikinsu, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ni bai ce bawana ba. Mariyama ta ruga gida ta dawo da moɗa ɗaya, abin da ta kankaro a gindin randa ke nan, rabinsa laka. Ta bi maƙwabta, kowa ya nuna mata tulunsa. Na duba abin da ke hannuna. Magani akwai ɗan saura a kwalba. Takarda kuwa ta aiki ɗaya ce, in na yi kuskure babu ta biyu. Ruwan moɗar ba zai wanke ko juyayyen ba.

Wani tsoho da ke zaune kusa da Ado yana ta kallona. Babarbare ne, da zanensa a fuska, Hausarsa a karkace.

"Yaro, me ya tsayar da kai?"

"Ruwa, Baba."

"Mai yawa?"

"In a hankali ne, buta uku ko huɗu za su yi."

Ya jawo butarsa ya tura mini da ƙafa. Wani saurayi a bayansa ya ce, "Haba Baba! Shi zai zauna, mu za a kwasa cikin ranar nan, kuma mu za mu ba shi ruwa?"

"Wa ya ce ka ba da na shanka? Na alwala nake magana. Ga ƙasa nan, ba ta ƙare ba. Mu yi taimama."

Saurayin ya rungume butarsa ya juya baya, kuma ban ga laifinsa ba. Amma wani mai sayar da tabarmi ya miƙo tasa, wani ma ya tsiyaya rabi a kwanona. Ado ya yunƙura ya tashi.

"Wallahi ban yarda ba. Baba, tafiya ce a gabanku. Ku mayar da abinku."

"Tela, kana da yara a garin nan?"

"Ina da su."

"To zauna ka rufe baki, hoto za a ɗauke ka."

Na rataya baƙin ƙyalle a katanga, na zaunar da shi a kan ƙullin wani. Ina leƙawa sai na ga kansa yana rawa. A wannan akwatin in mutum ya motsa ko kaɗan fuska ta zama biyu. Daidai nan kamyon ya shigo da baya yana ƙara, Ado ya waiga. Na ɗora hannu a murfin ban cire ba. Na ce masa ya dube ni, ya duba, amma haɓarsa ba ta tsaya ba.

Na ce, "Bakano, haka kakanka ya yi ta karkarwa ranar da dawakinmu suka iso ƙofar garinku."

Waɗanda ke kusa suka yi 'yar dariya. Ado ya haɗe fuska, ya ɗaga haɓa, ya zuba mini ido kamar zai tashi ya mare ni. Na cire murfi, na yi bisimilla, na mayar.

Na zura hannu ciki. Akwatin ya ɗau zafi, magani ya yi ɗumi, in ya yi ɗumi kuwa da sauri yake ci. Na sa ido a jan gilashi har na ga fararen kunnuwa sun fito, na tsame. Na ɗauraye juyayyen da ruwan moɗar Mariyama, na manna a allo, na sake ɗauka da takardar ƙarshe. Da na fito da shi sai ga Ado, a fusace, amma shi ne.

Aka kira salla. Mutanen suka jeru, suka buga tafin hannu a ƙasar farfajiyar, suka shafa fuska. Ni kuwa na tsuguna da ɗan kwano. In zuba ruwa daidai abin da zai rufe takardar, in yi ta girgizawa, in zubar, in sake zubawa. Na sa harshe: ɗaci. Suka idar da salla, wani ɗan sanda ya fara kiran suna, mutane suna hawa. Na sake canja ruwa. Ɗaci.

Mariyama ta durƙusa kusa da ni. "Yaya, ya isa haka. Don Allah kai musu."

"Bai isa ba."

"Ga shi nan ya fito! Kowa ya ga shi ne!"

"Wancan ma haka ya fito."

Mai unguwa ya ce, "Lawali, kada garin gyara mu rasa mutumin." Ban ɗaga kai ba. Na ji an kira sunan Ado. Ɗan sandan ya ce shi umarnin da aka ba shi kowa ya hau, in takarda ta zo a sauke. Ado ya taka taya ya hau. Goyon Mariyama ya fasa kuka. Butar mai tabarmi ta ƙare, na koma kan ta tsohon, ita ce ta ƙarshe. Na zuba, na girgiza, na zubar. Direba ya tayar da mota. Na tsiyaye abin da ya rage, na bar takardar ta ɗan jiƙa, ina jin idon kowa a bayana. Na sa harshe a gefe ɗaya, na sa a ɗaya gefen. Takarda kawai na ji.

Saura bushewa, don jiƙaƙƙen hoto ba ya karɓar hatimi. Babu abin da ya fi kusa kuma ya fi zafi sai murfin injin kamyon. Na je na shimfiɗa hoton a kai, na danne da yatsu, na tsaya a gaban motar. Direba ya leƙo.

"Kai mai hoto, ka gaji da duniya ne?"

"Yi haƙuri, maigida, shanya nake."

Ya danna oda, ya zage ni, amma bai saki birki ba. Ƙarfen yana ƙona mini yatsu. Da gefen takardar ya fara nannaɗewa na ɗauke, na datse da almakashi ina tafiya. Shef ya riga ya fito bakin ƙofa. Ya karɓa, ya murza da babban yatsa, ya dubi hoton, ya ɗaga kai ya dubi bayan motar. Ya shiga ciki. Muka ji ƙarar hatimi. Ya fito ya ce a sauko da tela.

Ado ya diro, ya zauna a ƙasa. Kafin ya miƙe an rufe bayan kamyon. Sai ya ga butar tsohon a gefen akwatina. Ya fizge ta ya bi motar da gudu yana kiran "Baba! Baba!" Tsohon ya leƙo ta tsakanin katako, ya yi masa alama da hannu ya bar ta. Me zai yi da buta babu ruwa? Motar ta fita ƙofa ta yi kudu.

Daga baya an buɗe iyaka, ruwan sama ya dawo, takarda ta samu. Ado ya yi ta sabunta katinsa, har daga ƙarshe ya samu takardar zama ɗan ƙasa, kuma duk hotunan ni na ɗauka. Bai sake ce mini na cika jan aiki ba. In ina wanki sai ya zauna ya jira har in gama. Akwatin yanzu yana ɗakina, masu hoton lantarki sun karɓe gindin itacen. Wancan hoton na farfajiya yana nan wurin Mariyama, na gan shi bara, ko gashin girarsa bai goge ba.

Yaron da ya ƙyasta mini salula, in ka bi ta Zango ka tambayi shagon Ado Tela. A bakin ƙofa za ka ga tsohuwar buta da aka ɗaure wa hannu da waya. Kullum da safe Ado yake cika ta ya ajiye wa masu wucewa, ranar da bai fito ba ɗansa ya cika. Duk Babarbaren da ya shigo da ɗinki sai Ado ya kwatanta masa tsohon, ko ya san shi. Har yau ba a samu wanda ya sani ba. Ba mu tambayi sunansa ba, kuma ban ɗauke shi hoto ba. Takarda ta ƙare.